Rowa ce ko al'ada? Abin da na gani a Holan

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na yi mako uku a Utrecht, kuma wani abu ya tsaya mini a rai. Na kai wa abokin aikina ziyara ba tare da sanarwa ba, da ƙarfe shida na yamma ta yi sai ya ce iyalinsa za su ci abinci, ya raka ni bakin ƙofa. Shin rowa ce wannan?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba rowa ba ce. Mutanen Holan kan girka abinci daidai bakin mutanen gida, kuma ziyara a wurinsu galibi sai an sa rana an rubuta, ko da tsakanin uwa da ɗanta ne. Ran da suka gayyace ka da kansu, za ka ga karamci.

Amsa ta biyu: Malam, ni ma na sha mamaki a Rotterdam ranar da abokiyar karatuna ta biya mana kuɗin shayi, sannan ta turo mini saƙon Tikkie, wata manhajar waya ta neman a biya ka kuɗi, domin in mayar mata da nawa kason. Raina ya sosu, amma daga baya na fahimci cewa ba sa son nauyin wani ya zauna a wuyan wani, kuma ita ce ta ara mini kekenta har wata biyu.