Fatata ta warke da allurar adalimumab, amma farata sun ƙi gyaruwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitocin fata da duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali. Na daɗe ina fama da cutar soriyasis, wadda take sa fata ta yi kauri tana ɓarewa. Daga baya ta kama faratan hannuna: suka yi ƙananan ramuka kamar an sossoke su da tsinke, suka koma ruwan ɗorawa, biyu kuma suka ɗaga daga jikin nama. Ni tela ne, kuma yanzu ko zura zare a allura sai da zafi.

Da man shafawa da ƙwayar methotrexate suka gaza, likita ya gwada ni tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, sannan ya ɗora ni kan allurar adalimumab mai rage kumburi, miligiram 40 duk bayan mako biyu. Wata huɗu ke nan. Gwiwoyina da fatar kaina sun washe, alhamdu lillahi, amma faratan suna nan yadda suke.

Na san farcen hannu yakan ɗauki kimanin wata shida kafin ya sake fitowa gaba ɗaya. Shin in ci gaba da haƙuri ne, ko lokaci ya yi da zan tuntuɓi likitana kan sauyawa zuwa allurar secukinumab, wadda take toshe wata hanyar kumburi dabam? Haka kuma, tunda allurar adalimumab tana buƙatar sanyin firiji, ko yawan ɗauke wuta a unguwarmu zai iya rage mata ƙarfi?