Tuƙa-tuƙarmu ta mutu tun bayan girbi: ku da kuka taɓa kai kuka sakatariya, yaya kuka ƙare?

Ɗan Gidan Liman:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga wannan hali. Ba zan faɗi sunan ƙaramar hukumarmu ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Tuƙa-tuƙa biyu gare mu a ƙauyenmu. Ta bakin masallacin Juma'a ta daɗe da mutuwa, ta kusa da firamare ita ke riƙe da gari, ita ma ta tsaya bayan girbi. In ka tuƙa sai ka ji hannun sakayau, ko ɗigo babu. Mun rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya buga hatimi, muka damƙa wa kansilanmu. Kullum amsa ɗaya ce: an shigar, ana jiran ciyaman. Ga bazara ta kawo kai, mata da yara sai rijiyar fadama. Wanda ya taɓa bin irin wannan har ya ga ƙarshensa, don Allah ya gaya mana ta inda ya bi.

Malamar Aji Uku:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah Ya kawo muku ɗauki. Mu tamu ta yi kusan shekara a kwance. Ni a aji na fara ganin illar: 'yan matan sai an kusa tashi tara suke shigowa, zannuwa a jiƙe, an aike su ruwa tun asuba. Wasu iyayen ma suka ce su zauna gida kawai. Hedimasta ya rubuta, ƙungiyar iyaye da malamai ta rubuta, shiru. Abin da ya tayar da maganar, amai da gudawa ne ya ɓulla a unguwar gabas da damina, aka kwantar da yara a asibitin sha-ka-tafi. Jami'in lafiya na ƙaramar hukuma ya zo da kansa, ya ga inda ake ɗiban ruwa, sati bai zagayo ba sai ga masu gyara. Ba na yi muku fatan irin wannan hanya. Amma abin da na koya, ku haɗa da mutanen sashen lafiya, ku sa ma'aikacin asibitinku ya rubuta nasa rahoton. Maganarsu ta fi tamu shiga kunne.

Baba Mai Ritaya:
Yarona, kuskuren farko shi ne ba kansila takarda a hannu. Ba don mugun mutum ba ne, a'a, aljihun babbar riga ba ofis ba ne. Na yi aiki a sakatariya har na yi ritaya, bari in gaya maka yadda takarda ke tafiya.

Ku rubuta ta da sunan shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun dagaci da hakimi. Ku yi kwafi biyu, ku kai ofishin karɓar wasiƙu, a buga muku hatimin "an karɓa" da kwanan wata a kan kwafinku. Wannan kwafin shi ne makaminku. Daga nan za a sa ta a fayil, ta hau teburin ciyaman, shi kuma ya rubuta a kai zuwa ga shugaban sashen ayyuka ko masu kula da ruwa da tsafta. Su za su aiko a duba, su yi ƙiyasin kuɗi. Ƙiyasin ya koma kwamitin kuɗi. To a nan ne ake kwana. Akwai iyakar abin da ciyaman zai iya sa wa hannu shi kaɗai, in ya wuce haka sai an nemi amincewar ma'aikatar ƙananan hukumomi a babban birnin jiha.

Mutane suna jin cewa ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, sai su ɗauka kuɗin yana cikin ɗakin ma'aji a jibge. A zamaninmu kuɗin asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yake faɗawa, kuma tsarin mulkin 1999 ne da kansa ya kafa asusun a sashe na 162. Kafin ya iso mana an cire albashin malaman firamare, an cire na fansho, an cire kason masarauta, an cire na ayyukan da aka ce na haɗin gwiwa ne. Abin da ya rage a biya ma'aikata, sai ɗan abin sayen mai da takarda. Sau da yawa na ga shugaban sashen ayyuka yana da ƙiyasi a shirye, ba shi da kuɗin man babur da zai je ya duba rijiyar.

Sannan ga wata gaskiya da ba a son faɗa. Gyara ba shi da farin jini. Sabuwar rijiya tana da ɗan kwangila, tana da allo mai sunan wanda ya kawo, ana yanka kirtani a ɗauki hoto. Wa zai kira 'yan jarida don an canja roba? Shi ya sa za ka shiga ƙauye ka ga matattun burtsatse uku a jere, kowacce da allonta, ana haƙa ta huɗu.

Matashi Mai Tambaya:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Amma ba an ce Kotun Ƙoli ta kashe maganar asusun haɗin gwiwa ba?

Baba Mai Ritaya:
An yi hukunci, ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya kai gwamnoni 36. Kotu ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Shi ya sa ka ga jihohi sun yi ta rige-rigen zaɓen ciyamomi a ƙarshen shekarar. Amma wa ya shirya zaɓen? Hukumar zaɓe ta jiha. Wa ya ci? Kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ta share. Yaran da na bari a ofis, in na tambaye su ko an ga canji, dariya suke yi. Ko da kuɗin ya faɗo hannun ciyaman kai tsaye, wanda ya ɗora shi a kujerar yana da lambar wayarsa.

Tsohon Kansila:
Baba, ranka ya daɗe, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma a yi mana adalci. Ni na yi kansila. Mazaɓata ƙauyuka ne birjik, kuma ba ni da ko sisin aiki a hannuna, sai albashi da alawus. Da asuba kafin in fito daga masallaci mutane sun cika ƙofar gida: wannan matarsa ta haihu, wannan takardar magani, wannan ɗansa na hannun 'yan sanda. Albashin a nan yake narkewa. Kansila aikinsa ya kai magana zauren majalisa ya matsa a sa a kasafi, ba shi ke sa hannu a fitar da kuɗi ba. Ni da na ga takarda ba za ta yi ba, kansila mai gafaka na ayyuka na riƙa bi, don shi yake zama da ciyaman kullum. Kwalbatin hanyar kasuwarmu ta haka aka samu. Ɗan Gidan Liman, ku nemi naku, ku je da dattawa, kada ku tura matasa su kaɗai. Kuma ku je lokacin da ake haɗa kasafin baɗi, wajen ƙarshen shekara. Abin da bai shiga kasafi ba, sai dai alfarma.

Matashi Mai Tambaya:
Honorabul, ba rashin kunya ba, amma lokacin kamfe ba ku ce mana ba ku da ikon komai ba.

Hajiya Ma'ajin Kwamiti:
Ku bar Honorabul ya sha ruwa. Ni dai ga namu. Mun gaji da jira, sai ƙungiyar ci gaban gari ta kira taro a ƙofar dagaci. Aka yanka wa kowane magidanci abin da zai bayar, 'yan garin da ke Legas da Abuja suka turo nasu, aka kira mai gyara. Wannan mai sauƙi ne, kowa ya iya karo-karo in ƙishirwa ta ciyo shi. Mai wuyar shi ne bayan an gyara.

Karon farko aka ba wani dattijo ajiyar kuɗin da ake tarawa. Mutumin kirki ne, amma kowa ya zo da lalura sai ya ranta masa, ranar da famfo ya sake tsayawa aka buɗe gwangwani babu komai. Ba wanda ya iya yi masa magana, surukin rabin gari ne. Daga nan aka ce mata su riƙe, tunda mu ke shan wahalar. Yanzu mu uku ne: ni da kuɗi, wata da littafi, wata da makulli. Gida-gida ake biya duk ranar kasuwa, 'yan ga-ruwa masu kura su kuma da jarka ake lissafa musu, tunda sana'a suke yi. Marayu da tsofaffin da ba su da kowa ba a karɓar nasu. Duk wata bayan sallar Juma'a ana karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, liman yana zaune. Kuma ba ma ba da rance, ko mai unguwa ne. An zage mu a kan haka, har aka ce mun mayar da ruwan Allah na sayarwa. Da Fulanin rugar yamma ma sai da aka zauna, don shanu in suka taru a bakin famfo sai su farfasa daɓen. Aka gina musu kwami can gefe, suke biyan nasu da kaka.

Matashi Mai Tambaya:
Hajiya, sannunku da ƙoƙari, amma ni abin nan yana ci min rai. Duk ranar kasuwa masu rasit suna nan, a karɓa a wajen mai tumatir, a karɓa a kara kan kowace akuya, a karɓa a tasha. Kasuwa da tasha da mahauta duk tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma. In mu za mu gyara famfo, mu yi aikin gayya a hanya, mu yi wa aji rufi, to su me ya rage musu? In muka saba musu da haka ba za su taɓa zuwa ba.

Baba Mai Ritaya:
Tambayarka tana kan hanya, yaro. Mu da muka ga zamanin haraji da jangali, kafin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna su soke su a Jamhuriya ta Biyu, mun san azabar da talaka ya sha, ba mai son a koma. Amma a ganina tun da kuɗi ya koma zuwa daga sama, hukuma ta daina jin nauyin mutanen ƙauye, su ma suka daina tambaya. Ku gyara famfonku don hukuncin kotu ba ruwan sha ba ne, amma kada ku janye takardar. Ku rubuta wata ku ce mun gyara da kuɗinmu, ga rasit, muna neman a tayar da ta bakin masallaci.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar biyan kuɗin ruwa a ƙauye ba baƙon abu ba ne, an daɗe da sabawa. Garinmu akwai tanki mai aiki da hasken rana, da mai tsaron famfo, bido guda, wato jarka, dala biyar a kuɗin sefa. Cikin kuɗin ake biyan shi, a ajiye na gyara. A da magajin gari, wato shugaban ƙaramar hukuma, shi ke sa ido bisa yarjejeniya da mai gudanar da tankin. To tun watan Afrilun 2024 da soja suka rushe majalisun da aka zaɓa suka naɗa kantomomi, in kana da kuka ba ka da kansilan da za ka kama, sai ka bi ta wajen mai gari. Ruwa dai bai tsaya ba, tunda ba daga ofis kuɗin gyaran ke fitowa ba. Matsalarmu ita ce in mai gudanarwa ya ci kuɗin, injin ya ƙone, sai a yi ta shari'a ana shan ruwan rijiya.

Mai Gyaran Burtsatse:
Na karanta duka, ba wanda ya tambayi abin da ya lalace. Malam, ka ce hannun sakayau yake, babu nauyi. Galibi wannan sanda ce ta kwance ko ta tsinke a ciki, ko kuma robar silinda ta cinye. Ba mutuwar rijiya ba ce. In da ruwan ƙasa ne ya ja baya, da za ku ga tana kawowa da safe ta ɗauke da rana, kuma a tsakiyar bazara ake ganin haka, ba bayan girbi ba. In kuwa da can sai an daɗe ana tuƙawa da asuba kafin ruwa ya hau, to bawul ɗin ƙasa ke yoyo ko bututu ya huje.

Ka duba min wace iri ce. In Afridev ce, mai bututun roba, ana zaro sandunan da hannu ba tare da an ciro bututu ba, mutum biyu sun isa, aikin yini ɗaya ne. In India Mark II ce mai bututun ƙarfe, sai an ciro komai da komai, ana buƙatar kayan aiki da majiya ƙarfi, kuma kada ku bari wanda bai iya ba ya taɓa, don in bututu ya suɓuce ya faɗa ciki, kuɗin ciro shi ya ninka na gyaran. Ka tambayi matan ko ruwan farko na safe yana fitowa ja. In haka ne tsatsa ta ci ƙarfen, ko an gyara yau za ta sake, gara a canja bututun gaba ɗaya.

Wani abu kuma, hukumar ruwan karkara ta jiha, wadda ake kira RUWASSA a jihohi da dama, takan horar da masu gyara a ƙananan hukumomi. Ku tambaya a sashen ruwa ko akwai na yankinku, ya fi ku ɗauko wani daga birni ku biya masa mota. Ta bakin masallacin da ka ce ta daɗe, ita ce nake jin tsoro, don yara suna jefa duwatsu in an bar kai a buɗe. Ɗauko hoton kan famfon da na hannun ka turo, in ga irin kayan da za ku saya kafin ku tara kuɗi.