Yaya ake tsara manufofin aiki na wata uku-uku har a cimma su?

Sabuwar Shugabar Sashe:
Assalamu alaikum. An ba ni jagorancin sashe mai mutum shida, kuma a farkon Janairu muka zauna muka rubuta manufofi 11 da muke son cimmawa kafin ƙarshen Maris. Da lokacin bita ya zo, sai da na yi ta laluben takardar a kwamfuta, domin tun ranar da aka rubuta ta babu wanda ya sake buɗe ta. Biyu kaɗai muka kammala, sauran kuwa an taɓa an bari. A ina muka kuskure?

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kun ɗora wa kanku kayan da ya fi ƙarfinku. Wata uku mako 13 ne kacal, kuma idan aka cire ranakun hutu da ayyukan gaggawa da suke faɗowa ba zato, abin da ya rage ba zai ɗauki manufa 11 ba. A tsarin OKR, wato tsarin sa manufofi da auna muhimman sakamakonsu, wanda Andy Grove ya ɓullo da shi a kamfanin Intel, John Doerr kuma ya kai shi Google a 1999, manufa uku zuwa biyar ake ɗauka, kowace da ma'aunin da za a iya ƙirgawa. "Kyautata wa abokan hulɗa" fata ne kawai, amma "amsa kowane saƙo cikin kwana ɗaya" abu ne da za a duba a ce an yi ko ba a yi ba.

Mai Lura:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ni a ganina rashin waiwaye ne ya fi cutar da ku. Mu muna ware minti 15 kowace Litinin mu duba inda aka kwana, sannan a mako na shida mu yi zama na musamman, inda duk manufar da yanayi ya sauya mata za mu soke ta a fili, kowa ya sani, maimakon a bar ta tana mutuwa a ɓoye.

Sabuwar Shugabar Sashe:
Na gode. Shin ya dace in haɗa sakamakon da ƙarin girma?

Tsohon Ma'aikaci:
Ban ba ki shawara ba, Hajiya. Na taɓa aiki inda aka yi haka, zango na gaba kowa ya rubuta abin da ya riga ya kusa gamawa, domin babu mai son ya yi wasa da albashinsa. Shi ya sa a Google ake ɗaukar maki 0.6 zuwa 0.7 cikin 1 a matsayin sakamako mai kyau ga manufa mai wuya. Ki raba zaman bitar manufofi da zaman maganar ƙarin girma, ko da mako guda ne tsakaninsu.