Famfon yabi ko na bututun roba: wanne zan ɗauka zuwa Chwaka?

Ɗalibar Zanzibar: Assalamu alaikum. Aikina na digiri na biyu a kan ƙananan jatan lande ne na dangin Alpheidae, irin su Salmoneus, masu zama a ramin wasu halittu cikin ciyawar teku. Saura sati biyar in fara a gaɓar Chwaka, nan Zanzibar. In yi odar famfon yabi (famfon hannu na zuƙo halittu daga ramin yashi) na ƙarfe daga Ostareliya, ko in haɗa na PVC a nan? Tsorona jinkirin oda, kuma ciyawar wurin saiwarta kauri gare ta.

Malamin Bahar Maliya: Wa alaikumus salam 'yata. Fara koyon ramin tukuna. Tudu mai kama da ɗan dutsen aman wuta na callianassid ne, wato wani irin jatan lande mai haƙa rami, kuma gefensa akwai wani rami mai kama da mazurari, nan ruwa ke shiga. Ki zuƙa sau biyar zuwa takwas a rami ɗaya, kowane zuƙo a juye cikin rariya mai ido milimita 1. Baƙin ramin, wato jatan landen da kike nema, ba sa wuce tsawon farce, kusan garau suke, sai kin tsoma rariyar a ruwa kin jira sun motsa.

Injiniya_PVC: Bututu inci 2, tsawo santimita 80, sanda mai zare, faifan roba uku da aka yanka daga tsohon silifa, noti sama da ƙasa. In kika ɗaure notin robar ta kumbura ta kama bango. Bai kai dala 15 ba. Na ƙarfe dala 40 ne.

Ummu Tasnim: Dala 40 a ina? Da kuɗin aikowa da haraji ya haura 120.

Bakatsine a Penang: Ku bar zancen famfo, ba a nan ake asara ba. Samfur sittin na sati uku, duk sun tashi a banza. Wani shago ya sayar da itanol, barasar da ake adana samfur a ciki, an rubuta kashi 96, ashe an tsinka shi da ruwa. Bayan wata guda naman ya yi laushi, DNA bai fito ko ɗaya ba. Kuma an jefa su ciki da ransu, sai kowanne ya yar da awartakinsa, wato hannunsa na damƙa. Alhali babban awartakin nan da shi ake bambance wani nau'in jatan lande da wani. Kwalba ɗaya jatan lande huɗu, awartaki bakwai a ƙasa, wa zai ce wannan na wane ne? Har yau abin yana ci mini rai.

Ummu Tasnim: Innalillahi, Allah Ya mayar da alheri. Shi ya sa ake fara sanyaya su a kan ƙanƙara ko a ɗiga man kanumfari a ruwan tekun har su daina motsi. A ɗauki hoto kafin a sa su a kwalba, launin yana gushewa a itanol. Ɗaya a kwalba ɗaya, takarda a ciki da rubutun fensir. A canza itanol bayan awa 24, domin ruwan jikinsu yana tsinka shi.

Ɗan Kasuwar Kifi: To nawa za a tara su cika mudu, mu sa a miyar kuɓewa?

Malamin Bahar Maliya: Man kanumfari in ya yi yawa yana sauya launin. Ƙanƙara kawai.

Injiniya_PVC: Malam, da girmamawa, a Port Sudan ruwa kusan ba ya janyewa, cikin ruwa kuke aiki. Zanzibar kuwa bambancin cikar ruwa da janyewarsa yakan kai mita huɗu a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Awa biyu zuwa uku take da su, kuma in yashin ya tsane famfo iska zai ja. Wanda ya taka wurin ya kamata ta saurara.

Malamin Bahar Maliya: Ramin iri ɗaya ne ko a ina, ɗana.

Ɗalibar Zanzibar: Na gode duka. Amma saiwar fa? Bakin PVC zai yanka ta?

Bakatsine a Penang: Ki sayi ma'aunin barasa mai yawo a saman ruwa, ki auna kowace jarka a gaban mai shagon kafin ki biya.

Ummu Tasnim: Ai ba itanol kaɗai ba. Kwalaben da ake kawowa yanzu murfinsu ba ya riƙewa, wata biyu sun bushe ƙarau. Wa ya san inda ake samun masu zoben roba a murfi?