Kyauta ko sata? Rigimar da kwamfutar Mile 12 ta tayar

Ɗan Gwari: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Kwamfutar da muke rubuta bashi da ita a rumfar Kawu a kasuwar Mile 12 ta Legas ta ƙi buɗe littafin 'yan bashi tun shekaranjiya. Ina tsakiyar shigar da buhunan albasar da tirela ta sauke daga Aliero aka ɗauke wuta, batirin UPS kuwa, na'urar da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, ya daɗe da mutuwa. Da aka tada janareta sai manhajar ta ce fayil ya lalace. Da FoxPro, wani tsohon kayan gina manhajar ajiye bayanai, aka rubuta ta tun ina firamare, wanda ya rubuta ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Windows 7 ce a kai, RAM 2GB. Bara wani yaro ya karɓi kuɗin Kawu da sunan zai kwashe mu zuwa wani rumbun bayanai na kyauta, ya yi sati biyu yana cin shinkafa da wake a rumfa, sai muka neme shi muka rasa. Ni dai na gama magana: kayan kyauta ba ya riƙe bashin miliyoyi. Tsohuwar kwamfuta sai Access, rumbun bayanan Microsoft da ake saya da kuɗi. Wanda ya san ya fi ni sani ya fito.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, Yaya. Amma wannan kalma ta "kyauta" ka janye ta. Wayar da ka rubuto wannan saƙon da ita akwai SQLite, ƙaramin rumbun bayanai na kyauta, a ciki, ko Android ce ko iPhone, kuma ba ka taɓa biyan kwabo a kansa ba. Tun 2000 Richard Hipp ya rubuta shi ya sakar wa duniya. Yaron da ya ci muku shinkafa ne ya cuce ku, ba kyauta ba.

Injiniyan Otigba: To ga su nan sun fito, 'yan banza-ta-faɗi. Banza ba ta kai zomo kasuwa, ƙanena. Ranar da abin kyauta ya watse wa za ka kira? Richard ɗin zai zo Mile 12 ne?

Bazazzagi: Ranar da Access ya watse kai wa ka taɓa kira a Microsoft? Su da suka yi watsi da FoxPro ɗin kansa. A 2007 suka ce daga na 9 ba za su ƙara fitar da wani ba, a 2015 suka rufe tallafinsa gaba ɗaya. Windows 7 ɗin ma tun Janairun 2020 suka sallame ta. Wanda ya biya kuɗi ga inda aka ajiye shi.

Malam na Agege: Ku dakata tukuna. Kyauta a shari'a sai da mai bayarwa da mai karɓa, kuma sai mai abu ya yarda. Ina tambaya, Windows ɗin da ke kan kwamfutocinku wa ya ba ku kyauta? Don na san yadda ake zuba ta a filashi ana raba wa mutane. Wannan ba kyauta ba ce, sunanta daban.

Injiniyan Otigba: Allah gafarta Malam, da wa kake? Don ni na sayar wa Kawun yaron nan kwamfutar, kuma da tambarin lasisinta manne a gefe ta fito daga jirgi.

Bazazzagi: Tambarin na XP ne ko na 7?

Injiniyan Otigba: Kai dai Bazazzagi ba a raba ka da tsegumi. Ka gama makarantar tukuna ka zo kasuwa ka ga yadda ake cin abinci.

Bazazzagi: Ai na san Bakano ko gwanjo ya sayar maka sai ya rantse sabo ne fil.

Injiniyan Otigba: Gwanjo? Kwamfutar da ta yi shekaru tana shan ƙurar albasa da hayaƙin janareta ba ta taɓa tari ba, ita ce gwanjo? Tokunbo ce mai daraja ta ɗaya. Ka nemi gafara ko in fita daga zauren nan.

Hajiya Akawu: Ɗana Ɗan Gwari, bari in yi magana da kai kai tsaye tunda waɗannan sun tafi wani wuri. Na yi shekaru ina riƙe lissafi da FoxPro a wani kamfanin sufuri a Apapa, kuma abin da ka faɗa na gan shi ya fi sau nawa. Yawanci bashin bai je ko'ina ba. Bayanan suna cikin fayilolin da sunansu ya ƙare da DBF. Akwai wasu kuma masu CDX, su kamar jerin sunayen da ke bangon littafi ne, masu nuna wane shafi wane yake. In wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, galibi wannan jerin ne ke rikicewa, kuma ana iya sake gina shi daga DBF ɗin. Amma kafin kowa ya taɓa komai, ka kwafe foldar da fayilolin nan suke ciki gaba ɗaya zuwa filashi biyu, ɗaya ka kai gida. Kada ka bari wani ya ce zai "gyara" a kan na ainihin.

Sannan ka amsa min tambaya ɗaya, don a kanta zaɓin ya rataya: kwamfuta nawa ke rubutu a littafin nan lokaci guda?

Baban Alaba Rago: Ni duk wannan surutu dariya yake ba ni. Shekara nawa ina sayar da raguna, littafina mai bangon kwali bai taɓa cewa fayil ya lalace ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Bazazzagi: Baba, ba kai ne ka ba mu labarin ruwan sama ya jiƙa littafin, ka rasa sunan mutum uku ba?

Baban Alaba Rago: Biyu ne, kuma ɗaya ya kawo kuɗin da kansa saboda tsoron Allah. Kwamfutarka tana sa wa mutum tsoron Allah?

Malam na Agege: Ba a amsa min ba fa. Wanda ya rubuta bashi da kayan da ba a biya haƙƙin masu shi ba, ya je ya yi tunani.

Bazazzagi: Ai Malam ni kake goya wa baya ba ka sani ba. PostgreSQL, wani babban rumbun bayanai, masu shi da bakinsu suka ce kowa ya ɗauka, ya yi kasuwanci da shi ma in ya so. Asalinsa daga jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ne tun 1986. Wannan ita ce kyauta ta halal. Access kuwa cikin Office yake, in ba ka saya ba ka san abin da ka yi.

Injiniyan Otigba: Ƙarya kake. Akwai Access Runtime, Microsoft da kanta take bayar da shi ba ko sisi, yana buɗe manhajar da aka riga aka gina. Ga kuma SQL Server Express, shi ma ba a biya.

Bazazzagi: Allahu Akbar! Jama'a ku shaida, Injiniya yana tallan kayan kyauta. Ina zomon da banza ba ta kaiwa kasuwa?

Injiniyan Otigba: Kyautar attajiri daban, kyautar almajiri daban.

Malam na Agege: Kada ka sako almajirai a cikin wannan magana, Injiniya. Ka ji tsoron Allah.

Ɗan Gwari: Hajiya, yi haƙuri, na je sallah ne. Da ɗaya ce. Amma Kawu yana so a ƙara ta biyu a rumfar tumatur, ɗansa ya riƙa shigar da kwanduna can, a haɗa su da kebul.

Hajiya Akawu: To nan ne maganar take. Da kwamfuta ɗaya za ku tsaya, da na ce SQLite ba tare da wani dogon tunani ba. Fayil ɗaya ne, ba ya cin RAM, kuma an gina shi yadda in wuta ta ɗauke tsakiyar rubutu, ko dai ciniki ya shiga gaba ɗaya ko bai shiga ba sam, ba ya tsayawa rabi. Amma masu shi da kansu sun yi gargaɗin kada a ajiye fayil ɗin a kwamfuta ɗaya wata ta riƙa rubutu cikinsa ta kebul, don kulle fayil ta wannan hanya ba abin dogaro ba ne. Access ma ciwonsa ke nan: yana yarda mutum biyu su shiga, amma kebul ya kuɓuce ko wuta ta tsinke a ɗaya rumfar, ka koma inda kake yau. Kuma fayilinsa ba ya wuce 2GB, ko da yake bashin albasa ba zai kai can da wuri ba.

Kwamfuta biyu na rubutu kuwa sai rumbun da ke zaune a inji guda yana karɓar saƙo, shi kaɗai ke taɓa fayil. Nan PostgreSQL ko MariaDB ko Firebird suke shigowa. Sai dai ka duba Windows ɗinka, in mai 32-bit ce, sababbin PostgreSQL ba su da na girkawa a kanta, na 10 ne na ƙarshe da ya samu. Firebird yana da shi, kuma ba shi da nauyi, tsatson rumbun InterBase ne da kamfanin Borland ya saki a 2000. Matsalarsa a nan Legas ita ce samun wanda ya iya shi.

Abin da zai ci maka lokaci ma ba zaɓen rumbu ba ne, tsaftace sunaye ne. Buɗe littafin ka gani, na tabbata mutum ɗaya yana nan sau uku: "Mai Tumatur", "M/Tumatur", "Maitumatir", kowanne da bashinsa daban. Tsohon tsarin haruffan ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, kowane yaron shago da yadda yake rubuta suna. In ka kwashe su haka zuwa sabon rumbu, shara ka canza wa ɗaki. Kuma don Allah ku sai batirin UPS kafin komai.

Injiniyan Otigba: Hajiya da girmanki, Firebird kuma? Wa ya taɓa jin sa a Computer Village, kasuwarmu ta kwamfuta a Ikeja?

Bazazzagi: A cire Windows ɗin kawai a sa Linux mara nauyi a madadinta, 2GB ta ishi PostgreSQL ya riƙe littafin rumfa biyu har da canji.

Injiniyan Otigba: Sai manhajar FoxPro ɗin ta hau kan me? Kanka? Ka ga irin yaron da ya ci musu shinkafa ke nan. Ni ma ina zargin ɗan ajinku ne.

Bazazzagi: Wallahi Yaya Injiniya wannan ƙazafi ne. Shugaba, kana gani kana shiru saboda ɗan garinku ne.

Baban Alaba Rago: Shinkafar da wake da mai da yaji ce ko da miya? Don in da miya ce asarar ta yi yawa.

Malam na Agege: Baba ana maganar haƙƙi kana maganar miya.

Ɗan Gwari: Jama'a ni fa gobe da asuba mata 'yan sari za su cika rumfa, kowacce za ta ce ta biya rabi. Me zan buɗe in nuna musu?

Shugaba: To ya isa haka, na rufe muhawara, ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, kowa ya yarda cewa kayan kyauta na da haɗari, shi ya jefa Ɗan Gwari cikin wannan hali. Na biyu, Hajiya ta tabbatar da cewa SQLite ba ya aiki da kwamfuta biyu, PostgreSQL kuma ba ya hawa tsohuwar kwamfuta, saura Access ke nan ko SQL Server Express kamar yadda Injiniya ya faɗa tun farko. Na uku, Malam ya yi mana nasiha mu riƙa sayen na asali, Allah ya saka da alheri. Na huɗu, kalmar "gwanjo" ba ta dace ba, Bazazzagi zai ba da haƙuri. Shawarata ga Kawu ya leƙa layin Otigba a Computer Village wurin Injiniya ya ɗauki wata mai RAM 8GB, zai yi masa ragi.

Hajiya Akawu: Shugaba, ban ce Access ba. Na ce ciwonsu ɗaya da abin da ya same shi. Koma sama ka karanta.

Bazazzagi: Kamasho nawa ne, ranka ya daɗe?

Shugaba: Na ce an rufe.

Ɗan Gwari: Hajiya, na kwafe a filashi ɗaya, ɗayan na ɗan Kawu ne ya cika shi da waƙoƙi ya hana a goge. Fayil masu CDX guda bakwai na gani. Wanne ne na 'yan bashi?