Hutun Disamba a Ankara da yara: hanya, wurin kiɗa da rigimar hotuna

Maman Tagwaye, Aboabo

Salamu alaikum jama'ar gida. Shawarar waɗanda suka riga ni nake nema. Maigida ya ce bana da zarar an rufe makarantu za mu taso daga nan Kumasi mu sauka Ankara, babban birnin Gana, mu yi kwana goma a wurin yayarsa a Maamobi. Mu shida ne: ni da shi, babbar 'yarmu mai shekara 16, ƙaninta mai 11, sai tagwaye da ba su cika biyar ba. Tun da babbar ta ji maganar ta hana ni sakat, wai sai an kai ta inda mawaƙa ke hawa dandamali ta gan su ido da ido, ta gaji da kallonsu a TikTok. Ni kuma kun san halina, duk inda na sa ƙafa sai na ɗauki hoto na zuba a Facebook. To wanda ya taɓa irin wannan tafiya da yara ya gaya mini yadda ta kaya masa. Kada ku ɓoye mini mai ɗacin.

Kawun Yara, Asawase

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, fara da hanya tukuna, kiɗa na nan bai gudu ba. Kumasi zuwa Ankara wajen kilomita 250 ne, a ranar da Allah ya so ku awa biyar kun isa. Amma ni na taɓa kwasar yarana huɗu ana jibi Kirsimeti, muka shiga mota bayan azahar, ba mu ga Circle, inda motoci ke sauke mutane a Ankara, ba sai da dare ya raba. Har Nkawkaw lafiya lau muke tafiya. Daga Nsawam ne abin ya ƙi, motoci sun yi layi kamar tururuwa har Pokuase. Burodin Nsawam da na saya don tsaraba, a cikin motar yaran suka cinye shi tas, ƙaramin ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Tun daga ranar, motar asuba nake bi, kuma ba na tafiya idan saura kwana uku Kirsimeti. Ki riƙe wa tagwayen riga mai kauri, sanyin na'urar manyan motocin nan ya fi na hunturu.

Ɗan Nima

Hajiya, a kan kiɗa ni zan yi magana, don a cikinsa na tashi. Disamban Ankara ba na da ba ne. Tun 2019 da aka yi shekarar dawowar baƙaƙen fata daga Amurka da sauran ƙasashe, garin ya koma wani abu dabam, kusan kowane dare akwai wasa a wani wuri. Bikin kiɗan da ake kira Afrochella a da, yanzu AfroFuture, shi ne baƙi suka fi sani, ga na mawaƙi Sarkodie da ya saba yi ranar Kirsimeti, ga na bakin teku. Sai dai ki san abu ɗaya: lokacin da aka rubuta a takardar talla ado ne kawai. Na kai ƙannena mata biyu wani wasa da aka ce ƙarfe bakwai za a fara. Mun isa takwas muna ganin mun makara, ashe ko kujeru ba a gama jerawa ba. Ƙananan mawaƙa suka yi ta hawa suna sauka, wanda muka je dominsa bai fito ba sai kusan biyun dare. Ƙaramar tana barci a kafaɗata lokacin da ya hau. Da aka tashi babu tiro-tiro, ƙananan motocin hayan nan, masu tasi sun ninka kuɗi, muka shigo Nima ana shirin kiran assalatu. Abin da Inna ta yi mini a ƙofar gida ba zan rubuta shi a nan ba.

Idan son samu ne, ki bari sai Sallah ki kawo ta Sallafest, wasan kiɗan Sallah da mawaƙan VIP na nan Nima suka fara. A kan titi ake yi, kowa ya san kowa, kuma gida kusa ne. Shi ma fa cunkoso ne ba na wasa ba.

Hajiyar Fadama

Maman Tagwaye, ni ba kiɗan ne ya ƙone ni ba, hoto ne. Shekaru uku da suka wuce na je Kumasi da jikokina, kwana huɗu kacal. Muka je tafkin Bosomtwe, yara suka shiga kwalekwale, muka ci soyayyen kifi a bakin ruwa, 'yata ta ɗauke mu hoto ta sa a status na WhatsApp. Kafin mu koma masauki waya ta fara ƙara. Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina da ke Tafo, tsohuwa da ko karatun boko ba ta yi ba, jikarta ce ta nuna mata. Ko gaisuwa ba ta amsa ba. Cewa ta yi, "Ashe kifi ya fi ni daraja. Kina garin nan kwana uku, sai a waya zan gan ki?" Wallahi na shirya zuwa wurinta washegari, har atamfa na saya mata, amma ta ina zan fara bayani? Da na je, ta karɓi atamfar ta ajiye a gefe ba ta ko buɗe ledar ba. Sai da aka shekara kafin ta sake da ni.

Ke da za ki Ankara, inda dangin mijinki suke warwatse daga Maamobi zuwa Madina har Ashaiman, ki gama zagayen gaisuwa kaf kafin hoto ɗaya ya fita. Wanda kika manta da shi, shi zai fara gani.

Maman Tagwaye, Aboabo

Innalillahi. Hajiya kamar kin san gidanmu. Akwai wata kishiyar surukata a Madina da ke neman dalili tun ranar aurena.

Malamin Islamiyya, Sabon Zango

Ni tambayata ita ce, me zai kai yarinya 'yar shekara 16 cikin taron da ake shaye-shaye har asuba? Ba faɗa nake ba, 'yar uwa, amma amana ce a hannunku. Ankara ba ta rasa wurin zuwa ba. Ga babban masallacin ƙasa a Kanda da aka buɗe a 2021, daga Maamobi ma da ƙafa za ku iya zuwa, ku yi Juma'a a ciki yara su ga gini. Ga wurin tunawa da Kwame Nkrumah da aka gyara aka sake buɗewa a 2023. Ga lambun Aburi a kan dutse a wajen gari, tun 1890 yake, iska mai daɗi. Ɗalibaina na kai can, har yau suna maganar layin dogayen itatuwan da ke bakin shiga.

Anti Mai Waakye, Newtown

Malam, da girmanka, amma bari in faɗi nawa. Ni ma haka na ce wa tawa 'yar, na kafe na ce ba inda za ta. Ran nan ta ce za ta kwana gidan ƙawarta su yi bitar jarrabawa. Da safe ina tsaye a kan tukunya wata mai sayen abinci ta miƙo mini waya ta ce, "Anti, wannan ba 'yarki ba ce?" Ga ta nan a bidiyon wani, gaba-gaba kusa da dandamali, ba mayafi, tana tsalle. Ludayin ma faɗuwa ya yi daga hannuna. A shekarar da ta biyo ni na saya mata tikiti da kuɗina, na haɗa ta da yayanta da matarsa, na ce sha biyu ta yi musu a gida. Sha biyu da kwata suka shigo. Ta zauna a bakin gadona tana ba ni labari har na yi barci na bar ta. Ban ce kowa ya yi yadda na yi ba. Na dai san wanne daga cikin dararen nan biyu na fi samun natsuwa.

Malamin Islamiyya, Sabon Zango

Allah ya shirya mana su. Na ji, Anti, amma ina nan a kan bakata.

Bogan Hamburg

Ku bar ni in ba ku dariya. Na kawo yarana uku gida karo na farko, dukansu a Jamus aka haife su, Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba. Na kashe kuɗi ba kaɗan ba don in burge su. Na kai su Cape Coast suka ga kurkukun da aka tsare bayi, na kai su Kakum suka bi gadojin igiya bakwai ɗin nan da ke rataye a saman itatuwa, ni da na kawo su ƙafata na rawa, su suna dariya. Na saya musu tikitin babban wasa mai tsada, suka tsaya suna kallo ta cikin waya, suka ce irin wannan akwai shi a can.

Ana saura kwana biyu mu koma, aka yi bikin 'yar maƙwabcinmu a Nima. An kafa rumfa a tsakiyar layi, an tare hanya da benci, mata sun yi anko. Can sai ga wani dattijo da kalangu a hammata, wani ya raɗa masa ko ni ɗan wane ne. Ya nufo mu yana matsa igiyar kalangun, ya kama sunan kakana, ya ce jikan mai goro, wanda ya taso daga Kano ya bi ta Salaga ya zauna a ƙasar Tonawa. Ni kaina rabona da jin wannan kirari tun ina yaro. Babban ɗana ya tambaye ni da Jamusanci me mutumin ke cewa, na buɗe baki in fassara, murya ta ƙi fita. Na ba shi sidi ashirin na ce je ka manna masa a goshi. Ba wanda ya ɗauki hoton wannan, don wayoyinsu duka suna caji a ɗaki. Yau shekara biyu, duk wanda ya tambaye su Gana, labarin mai kalangu suke fara bayarwa.

Ɗan Nima

Boga ka tuna mini. Hajiya, in dai za a je, wayar yarinyar ta zauna a jaka ta gaba mai zif. A wurin turereniyar shiga aka zare tawa, ban ankara ba sai da na ɗaga hannu zan yi bidiyo. Ba wayar ce ta fi ci mini rai ba, layin MoMo ɗina da nake ajiye kuɗi na ciki, na wuni washegari ina neman a rufe shi. Kuma ku sa wurin haɗuwa tun kafin ku shiga, don idan mutane suka cika, kira ba ya shiga ko kusa.

'Yar Alabar

Yaya Maman Tagwaye, abin mamaki, kina Kumasi kina neman kiɗa a Ankara. Kin taɓa kai su bikin Akwasidae a Manhyia, fadar sarkin Asante? Duk bayan mako shida ake yi, ranar Lahadi, da rana tsaka. Manyan gangunan fontomfrom, masu kete, masu busa ƙaho, sarakuna cikin laima. Na kai nawa, ƙaramin ya toshe kunne da farko, daga baya sai da na janye shi daga gaban makaɗa. Ba ina cewa zai maye wa babbar gurbin abin da take so ba, amma na tagwaye da ɗan sha ɗayan ya wadatar.

Batun hoto kuwa, ni dokata ɗaya: ba na ɗora komai sai na dawo gida. Wata maƙwabciyarmu ta tafi Tamale da iyalinta, kullum tana zuba hoto, yau ga mu a Kintampo wurin ruwa mai zubowa, gobe ga giwaye a Mole, jibi ga masallacin Larabanga. Duk unguwa ta san gidan ba kowa. Ta dawo ta tarar an ɓalle taga an yi gaba da talabijin da keken ɗinkinta. Fuskar yara ma na daina sawa tun da na ga hoton ɗiyata a shafin wata mai sayar da kayan yara da ban taɓa sani ba.

Kawun Yara, Asawase

Keken ɗinki! Kai, ɓarawo bai da tausayi.

Maman Tagwaye, Aboabo

Jama'a mun dawo jiya, alhamdu lillahi, na ce sai na kawo muku rahoto. Kawu, motar asuba muka bi, kafin azahar muna Maamobi. Kwana uku na farko gaisuwa muka yi ta yi, Madina muka fara zuwa, Hajiya kin ji. Matar nan har da yanka mana kaza, ni dai na ci ina kallon ƙofa. Malam, mun yi Juma'a a Kanda, tagwaye suka yi ta nuna rufin masallacin suna surutu har wata tsohuwa ta harare ni.

Kiɗa kuwa, babanta da kansa ya kai ta, da ɗan yayarsa. Na zauna da ƙananan ina duba agogo. Sha ɗaya da rabi ya kira ya ce mawaƙin bai fito ba, za su ƙara rabin awa. Ɗaya saura suka shigo, ba su ga wanda suka je gani ba, amma ita ko a jikinta, wai ƙananan mawaƙan ma sun ishe ta. Shi ne ya kwana yana mitar ƙugunsa da kuɗin tasi.

Hotuna suna nan cikin waya sun fi ɗari uku, ko ɗaya ban sa ba tukuna, hannuna har ƙaiƙayi yake. Yau da dare zan fara zubawa. 'Yar Alabar, yaushe ne Akwasidae mai zuwa? In za ki je ki biyo ta Aboabo mu tafi tare.