Hilux ɗita ta fara ƙara, bakanike ya ce a sauke inji

Mai tambaya, daga Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da a-kori-kura, Hilux ƙirar 2008 mai fetur, inji 2.7. Da ita nake ɗauko buhunan hatsi daga Dawanau zuwa cikin gari. Kwanan nan ta tsiro da ƙara iri biyu. Da safe in na tayar da ita sai ta riƙa kas-kas-kas daga saman inji, in ta ɗumama ta yi shiru. Sannan in ta ɗau kaya na taka ta, sai in ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Bakanike ya saurara kawai ya ce metal ne, wato boris ɗin da ke can ƙasan inji, ko a sauke inji ko in nemi na Beljiyam. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ga kaka ta kama. Me kuka gani?

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka bari a kwance ko ƙusa ɗaya tukuna. Ƙarar metal ba ta gudu in inji ya yi zafi, ƙaruwa take yi, don a lokacin ne baƙin mai ke tsinkewa. Kuma daga ƙasa take fitowa, mai nauyi, gum-gum, tana bin totur. Ƙarar taka ta safe ta fi kama da tafet, wato ɗan ƙarfen da ke danna bawul a saman inji. Injin nan 2TR ne, tafet ɗinsa da ƙarfin baƙin mai yake aiki, in mai bai hau sama da wuri ba dole ya yi surutu. Yaushe rabonka da juye? Wane filta aka sa? Fitilar mai tana ƙyaftawa in mota ta yi zafi tana silo?

Mai tambaya:
Oga, juyen ya ɗan kwana biyu, filtan kuma yaron gareji ne ya sayo. Fitila ba ta taɓa kamawa ba.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
To alhamdu lillahi. A yi juye a gabanka. Tari tsohon man a faranti mai tsabta ka fita da shi rana, ka murza da yatsa. In ka ga ɗigo-ɗigon ƙarfe yana walƙiya, maganar mutuminka ta tabbata. A yanka tsohon filtan ma a buɗe takardar ciki. Bayan haka a ɗaura gejin auna ƙarfin mai. Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko sisi: inji na tafiya a riƙa zare wayar kwayil ɗaya bayan ɗaya, in ƙarar ta lafa a kan silinda guda, to nan matsalar take. Man kuwa ka saya da kanka wurin dila, jabu ya yi yawa a kasuwa, galan ɗin ma sak na asali.

Wani direba, Yankaba:
Ni dai a ganina a sauya tayimin bel kawai. Tawa haka ta yi.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Ƙanina, taka mai gas ce, ita ce mai bel. Ta Alhaji sarƙa gare ta.

Dattijo, Sharaɗa:
Kowa ya tsaya kan ƙarar safe, ni ta biyun ce ta dame ni. Wannan ƙarar tsakuwar fetur ne ke kamawa kafin lokacinsa, kuma in aka ƙyale shi yana cin fistin. Ko man bumburutu kake sha, ko fulogi ya gaji, ko inji na zafi fiye da kima. Duba lagireto, ƙurar hunturu da ƙaiƙayin Dawanau suna toshe shi, haka ma filtan iska. Kuma yaro, faɗi gaskiya, buhu nawa kake ɗora mata? Motar nan abin da aka yi ta dominsa bai wuce tan ɗaya ba, buhu 10 na masara ke nan. In kaya ya yi nauyi ka sauko giya, kada ka riƙa danne totur tana nishi.

Mai tambaya:
Baba, a bar maganar buhu a nan! Na gode ƙwarai. Gobe da safe zan kai ta juye, in an tari man zan turo hotonsa. Oga, kafin nan zan iya yin sawu ɗaya zuwa Dawanau?

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Fara da juyen, Alhaji. In man ya fito fes, je ka ɗauko kayanka, amma rabin lodi, kuma idonka na kan fitilar mai. Da ta kama, ka kashe motar a inda kake ka kira ni.